Da Facebook na nemo ta, da WhatsApp na dawo da muryarta: sharhina bayan shekara 22 da rabuwa

Ni dai ba ma'abociyar rubuta sharhi a kan kaya ba ce, ko sabuwar waya na saya ba na komawa in ce ga yadda na same ta, amma wannan karon na ce sai na rubuta, don tun ranar da na sa hoton kiran bidiyonmu ni da ƙawata a sitatus mutane suka dame ni da tambaya, wai ta ina na samo ta, wace manhaja ce, ko akwai wata ta musamman da ake neman mutanen da aka rabu da su. Babu wata ta musamman wallahi. Waɗannan biyun ne dai da ke cikin wayar kowa, Facebook da WhatsApp, sai dai kowanne da inda ya yi min rana da inda ba aikinsa ba ne, kuma shi nake so in faɗa don wadda ke da irin nawa neman.

Tare muka tashi da ita, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, aji ɗaya tun firamare, benci ɗaya, in malami ya doke ta ni ce mai kukan. A 2001 aka yi wa babanta canjin wurin aiki suka kwashe suka tafi. Lokacin ba ni da waya, ita ma ba ta da ita, adireshi kawai ta rubuta min a bangon baya na littafin lissafina. Wasiƙa biyu na samu daga wajenta, na aika uku, ta ukun shiru. Shikenan fa. Ba faɗa ba komai, haka kawai rayuwa ta ja kowa gefensa, na yi karatu na yi aure na haihu, amma duk lokacin da wani abin dariya ya faru sai in ji a raina da tana nan da ga abin da za ta ce.

To Facebook. An ƙirƙire shi a 2004 don ɗaliban jami'ar Harvard ta Amurka, sai a 2006 aka buɗe wa kowa da kowa, ni kuma sai a 2011 na buɗe nawa akawun, kuma kafin ma in sa hotona abu na farko da na rubuta a wurin bincike sunanta ne. Hmm. Ashe masu sunan nan sun fi a ƙirga. Ina ta gungurawa ƙasa ba su ƙarewa, wata ta rubuta sunan da harafi biyu a tsakiya wata da ɗaya, wata ta haɗa da na mijinta, wata ta yanke shi rabi ta ƙara masa tauraro da zuciya, rabinsu kuma ba fuska a furofayil sai fulawa ko hoton jariri ko wani rubutun nasiha. Ƙa'idar Facebook ta ce ka yi amfani da sunan da aka san ka da shi a zahiri, amma kowa ya san yadda ake bin wannan ƙa'idar. Akwai wurin tace bincike, za ka iya zaɓar gari ko makaranta ko wurin aiki, kuma yana aiki sosai in dai mutumin ya cike waɗannan guraben a shafinsa. In bai cike ba kuwa to allura ce a cikin ruwa, sai mai rabo. Na yi ta yi ina bari, in yi shekara ban duba ba sai wani dare abin ya motsa in sake rubuta sunan, in tura wa mata biyu uku saƙo, ɗaya ta ce ba ita ba ce amma Allah ya sada mu, ɗaya ta yi banza da ni, wata kuma har yau muna gaisawa, ba mu taɓa ganin juna ba, kuskure ne ya haɗa mu.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe ba binciken suna ba ne, kuma nan ne nake so a saurara. Akwai wannan layin fuskokin da Facebook ke jero maka yana cewa ƙila ka san su, tun 2008 suka fito da shi, kuma ba duba yake yi ba, lissafi ne. Yana kallon abokan da kuka yi tarayya a kai, da guruf ɗin da kuke ciki tare, da makaranta ko wurin aikin da kuka rubuta, da lambobin wayar da mutane suka ɗora. Wato in ba ka ba shi komai a kan rayuwarka ta baya ba, to mutanen rayuwarka ta yanzu kawai zai ta kawo maka. Ni shekara goma sha biyu duk abokan aiki da dangin miji yake nuna min, don su kaɗai ya sani. A 2023 wata ta saka ni a guruf ɗin tsofaffin ɗaliban firamarenmu, na karɓi rikwes ɗin mutum wajen ashirin da ban ma tuna rabinsu ba, cikin sati biyu sai ga layin fuskokin ya canza gaba ɗaya, sai ga mutanen da na manta akwai su a duniya. Ran nan ina kwance ina gungurawa sai na ga wani mutum da gemu, na wuce shi, sai na dawo da baya. Fuskar babanta ce sak, har kunnuwan. Ƙaninta ne, wanda na bari yana yawo da gajeren wando yana bin mu muna korar shi.

Ya rufe jerin abokansa don haka ban ga komai a nan ba, amma hotunansa a buɗe suke, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karanta kwament kamar mai aikin bincike. A ƙarƙashin wani hoto da ya sha kwalliya ya jingina da mota, wata mai hoton fulawa da wani suna da ban taɓa ji ba ta rubuta: sannu da ƙoƙari. Kalma uku kawai. Wallahi sai da na tashi zaune. Duk duniya mutum ɗaya na sani da ke faɗin sannu da ƙoƙari in ta ga mutum yana iyayi, ta faɗa wa malamai a ɓoye, ta faɗa min ranar da na fara sa takalmi mai tsini na faɗi. A ɓangaren nema dai na ba Facebook tauraro huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe ne don binciken suna shi kaɗai ba ya kai ka ko'ina in sunan gama-gari ne.

Sai na yi wauta ta farko. Na zauna na rubuta mata dogon saƙo a inbos, har da hawaye, na tura, na zauna jira. Sati ɗaya, biyu, har biyar. Na fara cewa ko ba ita ba ce, ko kuma ita ce ba ta so. Abin da ban sani ba, in ka tura wa wanda ba abokinka ba saƙo ba ya shiga cikin saƙonninsa na yau da kullum, wani ɓangare daban yake tafiya na buƙatun saƙo, kuma mutane da yawa ba sa leƙa wurin sam. Kuma gaskiya tsarin yana da amfani, ni kaina da na buɗe nawa na ga irin shirmen da ya tare min na gode Allah. Rashin sanina ne. Da na gane sai na koma shafin ƙanin na rubuta masa a kwament, gajere, na ce ni ce wance ta gidan da ke jikin naku, don Allah ka ce wa Yaya ta duba buƙatun saƙonta. Washegari amsa ta zo. Don haka shawarata, kar ki dogara da inbos kaɗai, ki bi ta wani ɗan uwa ko ki ajiye magana ɗaya a fili inda za a gani.

Amsar ma ba irin wadda na yi mafarki ba ce. Ba ihu ba murna. Cewa ta yi, in da gaske ke ce, me na rubuta miki a bayan littafin lissafi banda adireshi? Da farko na ji ba daɗi, daga baya na ga gaskiyarta, don ƴan damfara sun iya ɗaukar hoton mutum da sunansa su buɗe sabon akawun, su zo maka a matsayin tsohon aboki, kwana biyu ana hira a na uku sai ka ji an shiga matsala a taimaka, ko kuma su ce wai an turo maka wasu lambobi shida bisa kuskure ka karanto musu, alhali lambobin shiga WhatsApp ɗinka ne, kana bayarwa sun kwashe akawun ɗin. Duk mai neman tsofaffin abokai ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp ɗinsa tukuna, ƴan lambobin sirri shida ne za ka zaɓa da kanka, minti ɗaya bai cika ba an gama. Ni dai na san amsar tambayarta ko cikin barci aka tashe ni. Na rubuta: kar ki bar kowa ya zauna a wurina. Sai na ƙara da cewa ki yafe min, satin da ya biyo baya aka zaunar da wata. Minti biyu ba ta ce komai ba, sai ga lambar waya ta turo, ba ko kalma ɗaya a tare da ita.

Daga nan aikin Facebook ya ƙare a wajena, aka koma WhatsApp. A fahimta, WhatsApp ba ya nemo maka kowa. Ba wurin da za ka rubuta sunan wanda ba ka da shi ya fito, da lambar waya yake aiki, tun yadda Jan Koum da Brian Acton suka gina shi a 2009 ke nan, littafin lambobinka shi ne duniyarka. Facebook ya saye shi a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, yanzu duk suna ƙarƙashin kamfani ɗaya, Meta, amma halinsu bai zama ɗaya ba. Ɗaya kasuwa ce da za ka ci karo da kowa, ɗayan kuma ɗaki ne, sai wanda ka ba izini.

Kwana uku na farko rubutu muka yi ta yi, kuma in faɗi gaskiya abin ya ba ni tsoro. Ya gida, lafiya lau. Ya yara, lafiya lau. Ya aiki, da godiya. Kamar masu cike fom. Sai na ji kamar da wata baƙuwa nake magana wadda ta ari sunan ƙawata. In rubuta abu in goge, in tura in koma in gyara, don tun 2023 ana iya gyara saƙo cikin minti 15 da tura shi, sai dai yana nuna an gyara, to ka ga duk saƙonnina na ranar farko da wannan tambarin a jiki, ta ce min daga baya ta lura ta yi ta dariya. Ga kuma shuɗin tik ɗin nan guda biyu da suka kawo a 2014, wanda ke nuna an karanta. In ya yi shuɗi ba amsa sai zuciyata ta fara saƙa, alhali ƙasar da take akwai tazarar awa shida tsakaninmu, ni ina zaune da rana tsaka ita ko tashi ba ta gama yi ba, ta buɗe da ido ɗaya ta koma barci. Na kashe nawa don in huta, sai na tarar in ka kashe naka kai ma ba za ka ga na kowa ba, adalci dai, na haƙura na mayar.

A rana ta huɗu ta turo saƙon murya. Sakan 47. Ina tsaye a baranda da kwandon wanki a hannu, na ajiye shi, na danna na kai wayar kunnena, don in ka kara ta a kunne sautin yana komawa ƙaramar sifika kai kaɗai za ka ji. Ta fara da gyaran murya sau biyu, yadda take yi in za ta yi ƙarya a aji, sannan ta kira sunana ta ja ƙarshensa, ba wanda ke ja min suna haka tun 2001, ta ce ke wai wannan rubutun na mene ne kamar muna neman aiki, ki yi min magana mana ƙawalli. Muryar ta ƙara kauri kaɗan, akwai gajiya a ciki da ban san ta da ita ba, amma hawa da saukar maganar, da inda take yanke jimla ta yi dariya kafin ta ƙarasa, duk suna nan ba abin da ya taɓa su. Na saurara sau tara. Wankin nan sai dare na shanya.

In dai don wannan ne, saƙon murya na WhatsApp tauraro biyar, da akwai shida da na ba shi. Tun 2013 yake amma a hankali suka gyara shi ya zama abin da yake yanzu: za ka ja makirfon ɗin sama ya kulle ba sai ka danne da yatsa ba, za ka tsayar ka je ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya, za ka saurari kanka kafin ka tura, in ka ji muryarka ta karye da yawa ka goge ka sake. Bai damu da bambancin lokaci ba, ta yi nata da darenta in ji da safiyata, ba sai mun sami lokaci ɗaya ba, wanda ga mata biyu masu yara da aiki ba ƙaramin abu ba ne. Ba ya cin data sosai, ko sabis ya yi rauni zai lallaɓa ya tafi. Kuma abin da na fi so, yana ɗauko abin da ke bayanta ba tare da ta yi niyya ba. Ƙarar ƙofar gidanta, ƙarar siginar mota in tana tuƙi, ran nan tana cikin ba ni labari sai na ji wata ƴar murya ta ce Mama ina safata, ta amsa da wata irin murya ta iyaye da ban taɓa jin ta da ita ba, sannan ta dawo min da muryarta ta da kamar ba abin da ya faru. Nan ne na gane da gaske shekara 22 ta wuce. Akwai maɓallin ƙara sauri da suka sa a 2021, ninki ɗaya da rabi ko ninki biyu, ina amfani da shi ga kowa har mijina, Allah ya yafe min, amma nata ban taɓa ba ko da minti 14 ne.

A saƙon muryar ne kuma na yi kuskuren da har yanzu in na tuna sai cikina ya juya. Sati na biyu, baki ya buɗe, ina ta zuba cikin nishaɗi, a ƙarshe na ce ki gaishe min da Mama sosai, ki ce mata ƴarta ta gidan maƙwabta tana nan tana kewarta, in kin je wajenta ki haɗa mu in ji muryarta. Tik ya yi shuɗi. Shiru. Kwana ɗaya, kwana biyu. Jikina ya ba ni akwai abu, na koma shafin ƙaninta na gungura baya sosai, har 2014, sai ga hoton Mama da addu'o'i a ƙasa. Shekara tara da rasuwa. Akwai goge saƙo ga kowa, tun 2017 ake iya yi, yanzu ma har wajen kwana biyu kana da dama, amma me zan goge, ta riga ta ji. Na yi rikodin sau biyar ina gogewa, na shida na tura haka nan da kukan a ciki. Amsarta ta zo cikin dare, a hankali take magana, ta ce ba haushi ta ji ba, kawai dai an daɗe ba wanda ya yi maganar Mama kamar tana da rai, sai ta so ta bar saƙon haka na kwana biyu kafin ta gyara min. Ta ce Mama ta sha tambayata har a ciwonta na ƙarshe. Allah ya jiƙanta da rahama.

Laifina ne, labarin yana nan a fili ban duba ba. Amma sai na zarce ɗaya gefen, na zauna dare guda na karance shafinta kaf bayan ta karɓi rikwes ɗina, daga hoton farko har na ƙarshe, kuma wannan ma na yi nadamarsa, don daga baya in ta fara ba ni labarin yadda ta bar aikinta na farko ko haihuwar ɗanta na biyu sai in tarar na riga na san ƙarshen, in riƙa yin mamakin ƙarya. Ga shi abin da mutum ke sawa a shafi ba shi ne rayuwarsa ba, shekarar da hotunanta suka fi kyau ashe ita ce shekarar da ta fi shan wuya, wannan sai a murya na ji. Da zan sake, zan duba ne kawai iya in san wa ke da rai wa ya rasu, sauran in bari ta faɗa min da bakinta.

Kiran bidiyo kuwa sai da muka yi wata biyu muna kewaye-kewaye, kowa na jin nauyi, ni ina cewa wayata ba caji ita tana cewa gidan a hargitse yake. WhatsApp ya kawo shi a 2016 kuma yana aiki, ban da ƙorafi a kan ingancinsa in sabis na da kyau, amma ni uku na ba shi. Dalilina, rabin hankalina yana kan ƴar fuskata da ke kusurwar sikirin, ina gyara ɗankwali ina duba ko na tsufa, ita ma na ga idonta yana zuwa can. Idanu ba sa haɗuwa, don in ka kalli fuskar mutum a sikirin ba kyamarar kake kallo ba. Ga ɗan jinkirin nan da ke sa ku fara magana tare, ku yi shiru tare, ke faɗa, a'a ke faɗa. Wayar ta yi zafi, caji na zuba kamar an huda shi. Kamfanin layin da nake amfani da shi kuma ya zaɓi ranar ya nuna halinsa, muna tsaka da dariya hoton ya daskare. Amma fa daskarewar nan ita ce abin da na fi tunawa, don ya tsaya ne daidai ta kai bayan hannunta ta rufe baki tana dariya, yadda take yi tun muna yara saboda wushiryarta da take jin kunya, ga tabon da ke girarta ta hagu na ranar da muka faɗo daga katanga tare. Sakan goma ina kallonta ba ta motsi, ban taɓa samun damar kallonta haka ba da tana motsi. Shi ne hoton da na ɗauka na sa a sitatus. Ta kira yaran su gaishe ni, suka leƙo suka ce ina wuni Anti suka ruga, ba su san ni ba, ina za su sani.

Wasu sun tambaye ni batun sirri, tunda abin da muke faɗa wa juna ba na kunnen kowa ba ne. Tun Afrilun 2016 saƙonni da kira a WhatsApp a kulle suke daga wayarka zuwa wayar wanda ka tura wa, kamfanin ma ba ya iya buɗe abin da ke ciki, amma wa kake magana da shi da yaushe, wannan wani zancen ne daban, haka ma ajiyar hirar da ake ɗorawa a intanet sai ka kunna mata nata kullin da kanka. Facebook kuwa tarihinsa a fili yake, badaƙalar Cambridge Analytica ta 2018 da tarar dala biliyan 5 da hukumomin Amurka suka ci shi a 2019, kuma wancan lissafin da ya nemo min ƙaninta ai da bayanan mutane aka yi shi, ba zan ci amfaninsa in yi kamar ban san da me aka dafa ba. Sannan kowa ya tuna 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke lokaci ɗaya na wajen awa shida. Shi ya sa na karɓi imel ɗinta da lambar mijinta da ta ƙanin, na rubuta a takarda na ajiye, an taɓa yi min sau ɗaya ba za a sake ba. In kuma ka canza layi akwai wurin canza lamba a cikin saitin da zai sanar da mutanenka, a yi amfani da shi don Allah, mutane nawa suka ɓace wa juna saboda sabon sim kawai.

Guruf ɗin tsofaffin ɗaliban dai na sa shi a shiru tun tuni, ya gama min aikinsa, saƙo ɗari uku a rana ba zan iya ba. A Facebook ma ba ma wani hulɗa da ita, in ta sa hoto in danna laik in wuce, duk maganar tana can a murya. An ce zumunci a ƙafa yake, mu namu har yanzu a kunne yake, ba mu haɗu ba tukuna, kuma har mun yi faɗanmu na farko, a kan wasiƙa ta uku, ta rantse ta ba ni amsa ni na ce ban gani ba, kwana ɗaya ba wanda ya turo wa wani komai sannan ta turo sitika.

Abu na ƙarshe, ga masu tsofaffin hotuna. In ka tura hoto yadda aka saba WhatsApp yana matse shi don ya yi sauƙin tafiya, sai ƙananan abubuwa su dushe. Ko dai ka danna HD da suka ƙara a 2023, ko kuma ka tura shi a matsayin fayil, wannan yana zuwa yadda yake ba a taɓa shi ba. Haka na yi da hoton ajinmu na shekarar ƙarshe da na tono a ƙasan akwati, na goge shi na ɗauka a hasken taga na tura mata a fayil. Ta yi ta zumin tana kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, wane ya zama kaza, wance ko tana ina, sai can na ji ta yi shiru, sannan ta ce ke tsaya, wannan agogon da ke hannunki ba nawa ba ne da na yi wata guda ina nema har aka yi min faɗa a gida? Na duba. Nata ne. Wallahi ban tuna yadda aka yi ya zo hannuna ba. Ta ce in dawo mata da abinta, na ce ta zo ta karɓa da kanta, ta ce sannu da ƙoƙari.